Yadda Muke Riƙon Inna da Oksijin a Gida

Ranar da aka sallame mu daga asibiti, likita ya rubuta abu uku a takarda ya miƙo min: lita 2 na oksijin a minti, awa 15 ko fiye a kowace rana, lambar yatsa, wato yawan oksijin ɗin jini da na'urar da ake maƙalawa a yatsa ke nunawa, tsakanin 88 da 92. Na ninke takardar na cusa a aljihun gaba ina ganin ƙaramin aiki ne. Ni da sana'ata wayarin da haɗa sola, wace na'ura ce za ta gagare ni? Yau shekara biyu da 'yan watanni ke nan, kuma layukan nan uku su ke juya gidanmu har yanzu.

Inna ta haura shekara talatin tana suyar waina da ƙosai a wani ɗan madafi da ba shi da taga, da itace, in itace ya yi tsada da kara. Ba ta san ɗanɗanon taba ba. Da hayaƙin nan ta biya mana kuɗin makaranta, shi ne kuma ya cinye mata huhu. Likitoci na ce wa ciwon COPD: hanyoyin iska sun ƙuntace, ƙananan jakunkunan da iska ke bi ta shiga jini sun lalace. A Turai mashaya sigari aka fi sani da shi. A wajenmu ka duba iyayenmu mata masu murhu, da waɗanda suka warke daga tarin fuka ya bar musu tabo.

Tun kafin mu sauke kaya masu dubiya suka rabu gida biyu. Goggo ta ja ni gefe ta ce, "Kai, kada ku bari ta saba da abin nan. In huhu ya saba da na inji, shi ke nan ya daina aikinsa." Wasu kuma cewa suke a ƙara mata da yawa ta warke da wuri. Duk na kai wa likita maganar, kuma amsarsa ita ce tushen duk abin da zan faɗa a nan. Oksijin ba ya ɗinke huhun da ya lalace, ba ya ƙara masa ƙarfi, ba ya kuma sa shi lalaci. Ba a kamuwa da jarabarsa. In ka ga mai ciwon na buƙatar ƙari bayan shekara ɗaya ko biyu, ciwon ne ya yi gaba, da an sa oksijin da ba a sa ba zai yi gaban.

To me yake yi ke nan? Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Lafiyayyen huhu wannan ya ishe shi. Huhun Inna kuwa ba ya iya ɗiban abin da zai ishi jini daga ciki, sai an ƙara masa kauri. In jini ya daɗe da ƙarancin oksijin, jijiyoyin jinin da ke cikin huhu sai su tsuke, ɓangaren dama na zuciya ya riƙa turi da wahala kamar famfon da tiyonsa ya lanƙwashe. A hankali zuciya ta gaji, ƙafafu su kumbura, jini ya yi kauri, ƙwaƙwalwa ta yi nauyi. Wannan ɓarnar ce oksijin ke tarewa. Zuciya da ƙwaƙwalwa yake karewa, yana kuma ba jiki sararin motsi.

Ƙanwata da ke karatun jinya ce ta tono min inda awa 15 ɗin nan ta samo asali, don na dame ta da tambaya. A 1980 a Amurka an gwada mutum 203 masu wannan ciwo waɗanda oksijin ɗin jininsu ya yi ƙasa sosai, wasu ana ba su da dare kawai, wasu kusan dare da rana. Mutuwa a cikin masu na dare kawai ta kusa ninka ta ɗaya ɓangaren. A 1981 a Birtaniya an bi mutum 87 har shekara 5: cikin 42 da ke samun awa 15 a rana 19 suka rasu, cikin 45 da ba sa samu 30 suka rasu. Saboda haka sa shi na minti ashirin in haki ya taso, a cire in ya lafa, ba shi ne maganin ba. Daga baya a 2024 a Suwidin aka gwada awa 24 da awa 15 a kan mutum 241, ba a ga masu awa 24 sun fi tsira daga mutuwa ko kwanciya asibiti ba. Wannan ya sanyaya min rai ƙwarai, don ya nuna Inna na iya cire robar hancin da oksijin ke bi ta yi wanka, ta yi alwala, ta zauna tsakar gida da jikoki ba tare da na bi ta da tsegumi ba. Mu dai lissafinmu shi ne daga bayan isha'i zuwa hantsi, sai kuma daga azahar zuwa la'asar sakaliya.

Abu na farko ga wanda ke tunanin sayen na'ura: a auna tukuna. Ba duk mai haki ne ke buƙatar oksijin ba. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne lambar ta tsaya a 88 ko ƙasa da haka alhali mutum na zaune yana hutawa, ba lokacin da ciwo ya taso masa ba, kuma inda hali ya yi a ɗebi jinin jijiyar wuyan hannu a tabbatar. A 2016 an yi gwaji a Amurka da mutum 738 waɗanda nasu ya sauka kaɗan kawai, ko yake sauka in suna tafiya, ba a ga oksijin ya ƙara musu kwana ko ya rage musu zuwa asibiti ba. Na san gidajen da aka sayar da fili aka sayi na'ura, alhali abin da majinyacin ke buƙata shi ne maganin shaƙa da koyon yadda ake shaƙarsa daidai, ko maganin zuciya, ko ƙarin jini. Wanda kuma aka sallamo da oksijin bayan ciwon haƙarƙari ko tashin ciwo, a koma a sake aunawa bayan wata biyu zuwa uku, da yawa sukan tarar ba sa buƙata kuma.

Na biyu, kuma shi ne wanda ya kusa kai mu ga nadama: kada kowa ya taɓa maɓallin lita. Wani dare a watanmu na biyu na tafi aiki Wudil na kwana can. Kawu ya zo dubiya ya tarar tana haki, tausayi ya kama shi, ya murɗa abin daga 2 zuwa 5. Da asuba matata ta kira ni murya na rawa, wai Inna ba ta tashi sallah ba, in an tashe ta sai ta buɗe ido ta ce kanta na sarawa ta koma. Matar da tun ina yaro ban taɓa riga ta tashi ba. Da na iso na maƙala mata na'urar yatsa, ta nuna 99, na ce alhamdulillahi. Ashe 99 ɗin ita ce matsalar. A asibiti aka bayyana mana cewa wasu masu COPD in oksijin ya yi musu yawa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata su fitar sai ta taru a jini, ta kawo barci mai nauyi, ciwon kai, ruɗewa, har suma. Shi ya sa aka ce 88 zuwa 92, ba 100 ba. Kwananmu uku a can. Garin neman ƙiba aka samo rama. Kawu har yau in ya shigo ɗakin hannunsa na baya. Ni kuma na manna takarda a jikin injin da manyan baƙaƙe, da boko da ajami: LITA 2, KADA A ƘARA. Masu wasu cututtukan ana iya sa musu lamba ta sama da wannan, 94 zuwa 98, don haka ka tambayi likitanka taka lambar ka rubuta.

Ita kanta na'urar yatsan sai an iya zama da ita. A bar mutum ya huta minti biyar, hannu da ɗumi, a ajiye shi kan cinya ba motsi, a jira lambar ta tsaya. Lambobi biyu take nunawa, ɗaya ta oksijin ɗaya ta bugun zuciya, kuma na sha ganin mutane sun rikita su. Sanyin hunturu na sa ta yi ƙarya, jan farce ma haka, baƙin lalle ma haka. Inna kuwa ba ta rabuwa da ƙunshi, sai da muka yi yarjejeniya a bar mata yatsa ɗaya fari. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: a 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun gano na'urar na nuna lamba mai kyau alhali jini ya yi ƙasa a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Saboda haka ban yarda da lamba ita kaɗai ba. Ina duba cikin leɓenta da harshenta, ina sauraron ko tana iya ƙarasa magana ba ta yanke ba, ina ƙirga numfashinta. Akwai littafi ɗan sittin a kan taga, safe da dare muna rubuta lamba, shi muke kai wa likita.

Yanzu ga fannina. Injin da ake sawa a gida ba ya ƙirƙirar oksijin. Iskar ɗaki yake zuƙa, ya tura ta cikin wasu gwangwanaye biyu masu ɗauke da wani gari da ke riƙe naitirojin, wato iskar da ta fi yawa a cikin wadda muke shaƙa, abin da ya fito ta ɗaya bakin kashi 90 zuwa 95 oksijin ne. Ka nemi na asibiti mai lita 5, wanda ke riƙe wannan ingancin ko a kan lita nawa aka sa shi. Akwai wasu ƙanana masu kyan gani da ake tallatawa a intanet da araha, an rubuta lita 1 zuwa 7, amma in ka kai su sama ingancin na faɗuwa zuwa wajen kashi 30, kusan iskar ɗaki ce kawai ake hura maka. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, ka ce mai sayarwa ya auna maka ingancin a gabanka a kan lita 5, in na hannu ne ka duba awannin da ya yi aiki, akwai mita a jikinsa kamar ta mota.

Irin wannan inji na cin wat 300 zuwa 400. Ɗauki 350: awa 15 ya zama yunit 5 da ɗoriya kowace rana. Batir mai 200Ah a kan bolt 12, irin na ruwa, a takarda wat-awa 2,400 ne, amma rabi kawai za ka ci in kana son ya yi ƙarko, wato wajen awa uku na injin kawai. Wanda ya ce maka batir ɗaya zai kai ku asuba bai yi lissafi ba. Inbata kuma sai mai tsabtatacciyar wuta, don a cikin injin akwai kwamfireso, ƙaramar inbata mai gurnani ƙona shi take yi. A sa sitabilaiza saboda wutar da ke zuwa ba ƙarfi, a ba shi soket nasa shi kaɗai, kada a haɗa shi da dutsen guga ko hita. In janareta za a tayar, ya zauna can waje nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke maƙale wa jini, kuma abin tsoron shi ne na'urar yatsa ba ta bambance gubar da oksijin, lamba mai kyau za ta nuna maka alhali mutum na mutuwa.

Injin ya zauna aƙalla taƙi ɗaya ko biyu daga bango da labule, a ɗaki mai shan iska. Zafin Afrilu a Kano kan haura 40, yawancin injinan nan kuwa iyakarsu ke nan, don haka da rana nakan fitar da shi baranda cikin inuwa in bar tiyo ya shiga ɗaki. Tiyon na iya kai wa mita 15 ba matsala, sai dai a bi da shi gefen bango, don ya taɓa kayar da ɗana. A baya ko gefen injin akwai soson tace ƙura. Takardar kamfani ta ce a wanke shi mako-mako, amma wanda ya rubuta bai san hazon Disamba ba. Da hunturu duk kwana biyu nake cire shi, in wanke da ruwa da ɗan sabulu, in shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. Ka sayi biyu, ɗaya na ciki ɗaya na shanya. In fitilar gaba ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, inganci ya sauka, a kira mai gyara. In kana shakkar ko iska na fitowa, tsoma bakin robar hanci a kofin ruwa ka ga kumfa. Ƙwallon da ke nuna lita kuma a duƙa a kalle shi daidai ido, layin ya ratsa tsakiyarsa.

Duk da sola da janareta, tukunyar oksijin ba ta barin gidanmu, don inji kan mutu ba sallama. Lissafinta mai sauƙi ne: girman cikinta sau nauyin da agogonta ya nuna. Mai lita 40 da aka cika har agogonta ya nuna ma'aunin "bar" 150 tana ɗauke da lita 6,000. A kan lita 2 a minti, minti 3,000 ke nan, awa 50. In allura ta sauko kwata na tafi ciko, ba na jira. A tsaye take, ɗaure da sarƙa a kusurwa, ba ta ganin rana. A buɗe kanta a hankali, kuma kada mai ko giris ya taɓa bakinta ko agogon, ko da hannu ne mai maiƙo. A cika ta wajen masu na asibiti. Na ji ana cewa ai ta masu walda ma oksijin ce. Ba a tanade ta don shaƙar mutum ba, ba ka kuma san me tukunyar ta taɓa ɗauka ba.

Wuta ita ce abin da ya fi hana ni barci. Oksijin shi kansa ba ya ci, amma duk abin da ya jiƙa da shi, mayafi, katifa, gashi, ƙyas ɗaya ya ishe shi ya kama kamar an zuba fetur. Gidajenmu kuwa cike suke da ƙananan wutace da ba ma ɗaukar su a bakin komai: kaskon turare, kaskon jin ɗumi, maganin sauro na kunnawa, kyandir in an ɗauke wuta, risho. Ranar wani suna na shigo na tarar wata 'yar'uwa ta ajiye kaskon turaren wuta a gindin gadon Inna, robar na hancinta, hayaƙi na tashi. Ban san lokacin da na sure shi da hannu na yi waje ba, tabon na nan a babban yatsana. An yi kwana biyu ana fushi da ni wai na kunyata baƙuwa. Dokar yanzu mita 3 tsakanin oksijin da kowace wuta, mai shan sigari kuma ya tsaya a waje. Turaren ma ko ba oksijin huhunta ba ya so. In ta cire robar a kashe injin, kada a bar ta kan gado tana huci. Basilin, man zafi, man kaɗanya, duk ba a shafa su a hanci ko leɓe, a nemi abin shafawa mai ruwa-ruwa a kemis.

Hanci kan bushe, wani lokaci har haɓo, musamman da hunturu. Kwalbar ruwan da ake ɗaurawa a bakin injin na taimakawa, amma in za a sa ta sai an riƙe ta da tsabta: tataccen ruwa irin na kemis, a canja kullum, a wanke kwalbar, in ba haka ba ta zama gidan ƙwayoyin cuta da ake hurawa kai tsaye cikin huhu. Robar hanci muna canja ta duk mako biyu zuwa huɗu, da kuma bayan kowace mura. Inda take goge bayan kunne muna naɗa auduga.

Sai maganar ƙarfi, wadda da ita aka fara. Watannin farko mun yi kuskuren da kusan kowane gida ke yi, muka mayar da Inna 'yar gado. Ruwa a miƙo mata, buta a kawo mata, ko tsintsiya ta taɓa sai a yi caa. Cinyoyinta suka zube. Tsokar da ta yi rauni kuwa ta fi cin oksijin a kan ƙaramin aiki, sai haki ya ƙaru, sai tsoron motsi ya ƙaru, sai a ƙara kwanciya. Wata mai gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti ce ta yi mana faɗa, ta ce, "Mama, iskar nan an ba ki ita ne don ki tashi." Ta koya mata numfashin tsuke baki: a shaƙa ta hanci a ƙirga biyu, a fesar ta baki a hankali a ƙirga huɗu, kamar mai hura koko da zafi. Wannan na hana ƙananan hanyoyin iska rufewa kafin tsohuwar iska ta gama fita. In haki ya taso, ta zauna ta ɗan sunkuya gaba, gwiwar hannu kan cinya, a kaɗa mata mafici a fuska. Abin mamaki, iskar mafici a fuska na rage jin sarƙewar numfashi ko da lambar ba ta canja ba. Sau da yawa abin da Kawu ya so magancewa da lita 5, mafici da minti uku ke magance shi.

Muka fara da tashi da zama a kujera sau biyar, robar na hancinta. Sai tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya. Sai ɗaga gorar ruwa ƙarama a kowane hannu. Ana yi ana duba yatsa, in jiri ya zo, ko ciwon ƙirji, ko lambar ta faɗi ƙasa da inda likita ya iyakance ta ƙi dawowa, a tsaya. Wasu likita kan rubuta musu lita daban ta tafiya, shi ma a tambaya. Da aka sake gwajin hura iska bayan shekara, huhun Inna bai ƙaru da komai ba. Ƙafafunta ne suka dawo, kumburin ya sace, abinci ya fara shiga. Maganin shaƙarta ba ta fashi, an yi mata rigakafin ciwon haƙarƙari, girki kuma ya koma gas a can ɗaya ƙarshen gidan.

Akwai alamun da ba ma tsayawa shawara a kansu, sai mota: barcin da ba a saba gani ba ko ruɗewa, leɓe ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, lamba ta zauna ƙasa da 88 a kan litar da aka rubuta bayan an duba tiyo da inji, zazzaɓi da kaki ya canja launi ko ya ƙaru, jini a tari, ciwon ƙirji, ƙafa ta kumbura farat ɗaya. Ƙaramar tukunya na nan a shirye don hanya.

Da azumin farko ya zo ta ƙi sa robar da rana, wai kada ta karya. Sai da muka kawo mata malamin unguwa ya gaya mata cewa majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa iskar oksijin cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Ko jikinta zai ɗauki azumin kansa, wannan likita muka bar wa, kuma ya ce ta riƙa gwadawa tana hutawa.

Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Jiya da yamma na dawo na tarar da ita a zaure, ta jawo tiyon har ƙarshensa, tana koya wa matata yadda ake gane ƙullun waina ya tashi. Ta ɗago ta ce, "Kai wannan, igiyar nan taka ta yi gajarta, ƙofar gida nake son kaiwa." Na ce mata mita 15 ce iyaka, sai dai in matso da injin. Yau da safe na ja sabon soket zuwa bakin baranda.